Yadda Iyaye Ke Neman Haƙƙin Yaro Mai Buƙata ta Musamman a Makaranta

"Ku kai shi Tudun Maliki." Amsar da iyayen yaro kurma ko makaho kan samu ke nan a Kano idan sun je firamaren unguwarsu neman gurbi. Makarantar Tudun Maliki ta kurame da makafi tana nan tana aiki, amma ba kowane gida ke iya kai yaro can kullum ba, kuma doka ba ta ce nan kaɗai zai yi karatu ba.

Dokar hana wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare. Sashe na 18 ya wajabta wa makarantun gwamnati su karɓe su, su tanadi aƙalla ƙwararren ma'aikaci ɗaya da kayan koyarwar da suka dace. Wa'adin shekara 5 da aka bayar don gyara gine-gine ya cika a Janairun 2024. Sai dai wannan haƙƙi ba ya zuwa har gida, bin sa ake yi hawa-hawa.

Matakin farko shi ne tara hujja. Iyaye kan karɓo rahoton likita daga asibitin gwamnati wanda ya fayyace larurar yaron da abin da yake buƙata, su haɗa da katin sakamako da duk takardar da makaranta ta taɓa aikowa. Suna kuma ajiye ƙaramin littafi: ranar da aka koro shi, wanda ya faɗa, da abin da aka faɗa.

Na biyu, ganin hedimasta. A nan ake yawan yin asara, domin an saba gama magana da baki, a rabu da "Allah Ya sa mu dace". Mai dabara yakan je da takardar koke kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata ya koma da ita gida. Buƙatar ma sai ta fito fili. Maimakon "a taimaka masa", sai a rubuta cewa a zaunar da shi a layin gaba, a mayar da ajinsa ƙasa saboda keken guragu, ko a samo malamin da ya iya maganar hannu. Idan jarrabawa ta matso, a nemi makaranta ta bayyana larurar tun wajen rajista, domin WAEC da JAMB suna da tanadi ga makafi. Zuwa da ɗan kwamitin kula da makaranta na SBMC ko wakilin ƙungiyar JONAPWD ta masu nakasa yana ƙara wa zaman nauyi.

Na uku, idan mako biyu ko uku suka wuce shiru, sai a hau sama. Firamaren gwamnati tana ƙarƙashin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga shi sai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Makarantar kuɗi kuwa, ma'aikatar ilimi ta jiha ake kai ƙararta. Kowace takarda a maƙala mata kwafin ta baya. Yana da kyau a bincika ko jihar tana da tata dokar, domin ita jami'an jiha suka fi saurara.

Na huɗu, hukumomin tarayya. Akwai Hukumar Masu Nakasa ta Ƙasa a Abuja, wadda dokar 2018 ta kafa, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam, wadda ke karɓar koke kyauta a ofisoshinta na jihohi, ta kuma kira ɓangarorin biyu zaman sulhu.

Duk tsawon wannan takaddama, iyaye masu lura ba sa cire yaron daga makaranta da kansu, don kada a rubuta cewa su suka janye shi.

Kotu ce ta ƙarshe, kuma mai ƙaramin ƙarfi na iya neman lauyan kyauta a Legal Aid Council. Wanda aka samu da laifin wariya, tararsa naira 100,000 ce ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Kamfani ko hukuma kuwa naira miliyan 1. Dokar ta kuma bar wa wanda aka zalunta damar shigar da ƙarar neman diyya daban.