Yadda A Ke Shigo Da Sabuwar Manhajar Kwamfuta A Ofisoshin Kwaleji

Ko wane malami ya san manhaja, watau tsarin nan mai nuna abin da za a koyar da abin da zai biyo bayansa. Masu aikin kwamfuta sun ari kalmar, suna kiran jerin umarnin da a ke rubuta wa kwamfuta da ita, gama shi ma tsari ne mai nuna mata abin da za ta yi daki-daki. A zamanin nan irin wannan manhaja ce ke riƙe da sunayen ɗalibai, da makinsu na jarrabawa, da lissafin kuɗin makaranta, da albashin ma'aikata. Saboda haka ran da kwaleji ta ce za ta sake manhaja, maganar ta shafi kowa, tun daga shugaba har ɗalibin da ya shigo bana. In aikin ya yi kyau, sakamako ya fito a kan kari. In kuwa ya ɓaci, sai ka ga ɗalibi ya gama shekarunsa uku yana ta zarya a ofishin magatakarda, domin makinsa na darasi guda ya salwanta.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, kwamfuta ba ta iya gyara aikin da mutane suka bari a hargitse. Abin da aka ba ta shi ta ke juyawa, sai dai cikin sauri. Don haka yawancin aikin na mutane ne, kuma mataki biyar gare shi.

Na farko, a san abin da a ke bukata tun ba a je kasuwa ba. A kafa kwamiti, a sa magatakarda, da ma'aji, da mai kula da jarrabawa, da wakilin malamai, da na ɗalibai. Kada a manta da akawun da ke zaune a kan aikin kullum, gama shi ya san inda takarda ta ke maƙalewa. Su ɗauki takardar maki guda, su bi ta tun daga hannun malami har ta zama sakamako, suna rubuta ko wane tebur da ta sauka. Abin da suka rubuta shi za a auna manhajar 'yan kasuwa da shi.

Ga misalin abin da rashin wannan awo ke jawowa. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara aiki da tsarin biyan albashi mai suna IPPIS a ma'aikatunta. Da aka shigar da manyan makarantu cikinsa a 2020, sai ƙungiyoyin malamai suka yi ta kuka, suna cewa bai san sha'anin malamin da ya tafi hutun nazari ba, ko wanda aka aro daga wata jami'a. Maganan nan tana cikin dalilan yajin aikin wata takwas da malaman jami'o'i suka yi a 2022. A watan Disamba na 2023 majalisar zartarwa ta yarda a fid da jami'o'i, da kwalejojin fasaha, da na horon malamai daga cikinsa.

Na biyu, a tace tsofaffin bayanai kafin a zuba su cikin sabuwar manhaja. Sau da yawa ɗalibi guda yana da suna iri biyu, ofishin ma'aji ya rubuta Muhammadu, sashensa ya rubuta Mamman, kwamfuta kuwa mutum biyu za ta ɗauke shi. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, to, a daidaita sunaye da abin da ke jikin lamban nan. A kuma duba ko manhajar tana karɓar baƙaƙen Hausa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, da na Yarbanci da Ibo masu ɗigo a ƙarƙashi.

Na uku, gwaji da koyarwa. A ɗauko sakamakon wata shekara da ta wuce, wanda an riga an san amsarsa, a ba manhajar ta lissafa. In dokar kwaleji ta ce maki 70 ne farkon daraja ta ɗaya, a ba ta mai 69 da mai 70, a ga inda za ta aje su. A ba ta ɗalibin da ya faɗi darasi ya maimaita, da wanda ya sake sashe. Sa'an nan a koya wa ma'aikata, ko wane a kan aikin da zai riƙa yi da hannunsa. Ku malaman gobe kun sani, lacca guda a babban ɗaki ba ta isa a ce an koyar.

Na huɗu, kada a yar da tsohon tsari rana guda. Jami'ar Kambirij ta Ingila ta ɗanɗana wannan. A watan Agusta na 2000 ta koma kan sabuwar manhajar lissafin kuɗi mai suna CAPSA gaba ɗaya, alhali ba a gwada ta sosai ba, ma'aikata kuma ba su ƙware ba. Aka yi makonni biyan masu kawo kaya yana gagara. Binciken da aka yi a 2001 ya ɗora yawancin laifin a kan yadda aka tafiyad da aikin, kuɗin da aka kashe kuwa ya haura fam miliyan 9. Hukumar JAMB ta bi wata hanya dabam. A 2013 ta fara jarrabawa da kwamfuta tare da ta takarda, ba ta bar takarda ba sai a 2015. Haka ya kamata kwaleji ta yi, ta fara da sashe guda, littafi da kwamfuta suna tafiya tare har zango ya ƙare. Kuma kada ranar sauyi ta faɗo cikin makon rajista ko na jarrabawa, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, tsaro. Ko wane ma'aikaci ya sami mabuɗinsa na sirri, manhajar kuma ta riƙa rubuta wanda ya taɓa maki da lokacin da ya taɓa. A aje bayanai kwafi uku, ɗaya a wani gini dabam, saboda gobara. A tanadi janareta ko wutar hasken rana. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya, wadda ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. A cikin yarjejeniya da kamfani kuwa, lalle a rubuta cewa bayanai na kwaleji ne, ran da aka rabu za a ba ta kayanta cif.

Wanda ya bi matakan nan zai ga aikin ya ɗauki watanni, wani ma ya ce an cika nawa. Amma sannu ba ta hana zuwa, kuma jinkirin zango guda ya fi sauƙi bisa ga neman makin ɗalibi ɗari da suka ɓace.

Tambayoyi

1. Don me a ke sa akawu cikin kwamitin shiri?
2. Kwatanta hanyar da Jami'ar Kambirij ta bi da wadda JAMB ta bi.
3. Bi takardar maki guda a sashenku, ka rubuta hannu nawa ta ke bi kafin ta zama sakamako.