Sikimiya: Itacen Inuwa da Sharaɗin 'Ya'yansa

Sikimiya, wadda masana tsirrai ke kira Skimmia japonica, gajeriyar itaciya ce daga dazuzzukan Japan, 'yar dangin lemun tsami. Ganyenta kore ne duk shekara, tsayinta kuma da wuya ya wuce mita ɗaya da rabi. Saboda haka masu lambu a Ingila kan dasa ta a gindin manyan itatuwa.

Rana mai zafi da busasshiyar ƙasa kan mayar da ganyenta rawaya, har mai lambu ya zaci taki ne ya gaza. Abin da take buƙata shi ne inuwa da ƙasa mai danshi, mai ruɓaɓɓen ganye, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta.

An fi yin kuskure wajen 'ya'ya. Kamar dabino, akwai namiji akwai mace. Nau'in Rubella, wanda ya cika kasuwa, namiji ne: zai yi ado da jajayen ƙullin fure duk hunturu, amma ba zai taɓa haihuwa ba. Mai son jajayen 'ya'ya sai ya dasa mace kusa da shi, ƙudan zuma su yi barbara. 'Ya'yan suna da guba, don haka a nisanta yara da su.