Faffaɗar Taya a A-kori-kura: Yadda Za a Hana Ta Cin Bodi

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi motar da ke kai mu kara. Da yawa cikinmu sun koma sa wa a-kori-kurarsu faffaɗar taya, musamman masu Hilux da ke shiga rairayin arewacin Tanut da Dakoro su ɗauko bisashe, su gangaro da su Maigatari ko Mai'aduwa. Ana fitowa daga wajen mai faci mota ta yi kyau, ta tsaya kamar ingarma. Sai ranar da aka yi lodi, aka sha kwana, a ji "ƙurrr" daga ƙarƙashi. Direba ya ce ba komai, roba ce ke taɓawa. To, akwai komai. Gefen taya shi ne wurin da ya fi rauni a jikinta, kuma ba ya karɓar faci na kirki. In ƙarfe ya yi ta shafarsa, wata rana zai fashe, kuma ba ya fashewa sai mota na ɗauke da kaya tana gudu.

Mu fara da lambar da ke jikin taya, don yawancinmu da ido muke saye. Tsohuwar Hilux da yawa da 205R16C suke zuwa. In aka cire ta aka sa 265/70R16, ga abin da ya faru: 265 ɗin nan faɗin taya ne da milimita, wato an ƙara milimita 60, kowane gefe 30. Ba faɗi kaɗai ya ƙaru ba, har da tsawo. Ta farko tsayinta wajen milimita 735 ne, ta biyu wajen 777. Ke nan saman taya ya matso kusa da bodi da santimita biyu, tun ba a ɗora ko akuya ba. Agogon gudu ma zai riƙa yi maka ƙarya: in ya nuna 100, kana wajen 106.

Amma babban mai laifi ba taya ba ce, wili ne, ƙarfen nan da take zaune a kai, wanda a wajenmu ake ce wa janti. A nan ne muke so a tsaya a fahimta da kyau. Kowane wili yana da fuskar da ke manne wa mota, inda kusoshi ke shiga. Wannan fuska ba lalle ta zauna a tsakiyar faɗin wili ba. Yadda ta goce daga tsakiya ana auna shi da milimita, kuma galibi ana buga shi a jikin ƙarfen bayan haruffa biyu, ET. In lambar babba ce, kamar ET30, taya za ta shige ciki. In ƙarama ce, kamar ET0, ko ta koma ƙasa da sifiri, taya za ta fito waje. Wadda ta shige ciki da yawa tana gugar shasi, ko hannun da ke riƙe ƙafar gaba, ko sifirin a baya, mafi muni kuma tiyon birki. Wadda ta fito waje da yawa tana cin bakin bodi, da robar tare laka, da kusurwar bamba in an juya sitiyari.

Ga misali. Ka cire wili mai faɗin inci 6, ET30, ka sa mai inci 8, ET0. Inci biyun nan milimita 50 ne, rabi ciki rabi waje. Bakin waje ya fito da 25, ga kuma 30 na bambancin ET, ya zama 55. Santimita biyar da rabi ke nan, kusan faɗin yatsu uku. Mai sayarwa ba zai yi maka wannan lissafi ba, shi dai ramukan kusa su dace ya karɓi kuɗinsa. Kada kuma a ce bari a bar tsohon wili don a tsira, domin taya 265 tana son wili mai inci 7 zuwa 9. In aka matsa ta a mai inci 6, cikinta zai kumbura, ta riƙa cinyewa ta tsakiya.

Yanzu gwaji. Mota babu kaya a bakin garaji ba ta faɗin gaskiya. Kayanmu ba buhun gero ba ne da za a ɗaure ya zauna wuri ɗaya. Sa mai kilo 300 ko 400 yana motsi, in mota ta karkata sai ya bi karkatar, nauyi duka ya koma kan ƙafa ɗaya. Saboda haka a ɗora nauyin da aka saba ɗauka, ko da buhunan dusa ne ko yashi. A samu alli a shafa a gefen taya ciki da waje, da kafaɗarta. A juya sitiyari har ƙarshe dama, a tafi a hankali, a koma hagu, sannan a yi haka da ribas, don wata gugar ba ta fitowa sai ana ja da baya. Bayan haka a hau tudu da ƙafa ɗaya, ko a tsallaka kwazazzabo a karkace, yadda ƙafa ɗaya za ta nutse cikin bodi ɗayar ta rataye. A tsaya nan, a ja birkin hannu, a sa wa taya waigi, a leƙa. Duk inda alli ya goge, ko ƙarfe ya yi sheƙi, nan ne. Mu dai abin da muke bi, in yatsu biyu ba su shiga tsakanin taya da ƙarfe ba a wannan hali, ba mu yarda da ita ba. Laka ma tana son wurinta da damina.

Gyara ya danganta da inda take ci. In robar tare laka ce ko baƙar robar da ke lulluɓe cikin bodi, abin mai sauƙi ne: a cire, ko a datse, ko a ɗan gasa ta a tura ta baya. In bakin kwanon bodi ne, mai gyaran bodi zai lanƙwasa shi ciki ya shafa fenti don tsatsa. Kada a yanke a bar shi da kaifi, wuƙa ce aka ajiye wa taya. In ciki take gugar shasi sai an kai sitiyari ƙarshe, tsofaffin motoci da yawa suna da kusar da ke tsayar da juyawar ƙafa, bakanike zai iya fito da ita kaɗan. Sai dai ka sani kwanarka za ta ƙara faɗi, kuma a cikin kara ranar kasuwa za ka ji a jikinka. In tiyon birki take taɓawa, motar ba ta tashi daga wurin sai an gyara.

Akwai faifan ƙarfe da ake sakawa tsakanin wili da mazauninsa don a turo taya waje. Ba mu ce haramun ba ne, amma ga motar lodi ba ma son sa. Yana ƙara wa boris wahala, kuma in siriri ne da aka zura a kan kusoshin asali, noti ba zai samu isasshen zare ya kama ba. Wanda aka yanka a wajen mai walda kuwa, ko kyauta aka ba ka, ka gode ka ajiye. Gara a nemi wili mai ET da ya dace tun farko.

Wasu kuma suna cewa a ɗaga mota kawai. Ɗagawa tana ba da sarari in mota na tsaye. In ta faɗa rami da kaya, ƙafa za ta koma inda take komawa da, sai in an ƙara tsawon robar nan da ke tare ta kada ta buga shasi. In bayan mota ya zauna don sifirin ya gaji, a gyara sifirin ko a ƙara ganye, wannan daidai ne. Amma ƙarin ganye bai ƙara wa birki da aksul ƙarfi ba. Hilux kayan wajen tan ɗaya aka yi ta dominsa.

A duba ƙarfin tayar ma. Faffaɗa ba ita ce mai ƙarfi ba. Bayan lambar girma akwai wata, kamar 110 ko 112: 110 na ɗaukar kilo 1060, 112 kilo 1120, kowace taya. Mai harafin C ko LT an yi ta don kaya, gefenta ya fi kauri, ta fi jure ƙaya da kututture. Yawancin faffaɗan na hannu da ke cika kasuwa daga motocin shiga aka ciro su. A duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

A ganinmu ma, ba kowa ke bukatar faffaɗa ba. Abin da ke fitar da mota daga rairayi rage iska ne, don taya ta shimfiɗu ta tsawo. Land Cruiser nawa ke ratsa hamada da siririyar 7.50R16? Sai dai wanda ya rage iska ya tuna gefen taya yana ƙara kumbura, kuma ya mayar da iskar kafin ya hau kwalta.

Saura safaya. A saya biyar, ba huɗu ba, don in aka haɗa babba da ƙarama a mota mai jan ƙafa huɗu, giya ce ke shan wahala. A gwada ko sabuwar tana shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi ba ta taɓa salansa ba. Bayan an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 da sabon wili, a tsaya a sake ɗaure notuna duka, ɗaya nan ɗaya can a gicciye, kafin a ɗora dabba ta farko.