Yadda Za Ka Gane Oyil Sil Da Robobin Injin Tsohon Babur, Ka Kuma Sauya Su

Yau darasin namu zai fita daga cikin waya ya leƙa zaure, amma wayar na nan a hannunmu, domin da ita za mu yi rabin aikin.

A Daura da sauran garuruwan masarautar, irin su Zango, Baure, Mai'adua da Sandamu, ba wuya ka tarar da tsohon babur jingine a zaure ƙura ta lulluɓe shi: Vespa ta kaka, ƙaramar Honda ta baba, ko Jincheng da ta sha acaba ta gaji. Matasa da dama na sha'awar tayar da su. Sai a sayi fistin da ringi, a yi fenti, a sa sabon fulogi, amma bayan mako biyu a ga baƙin mai na ɗiga a ƙasa. Sau da yawa laifin wata 'yar roba ce da ba ta kai murfin kwalba girma ba, wadda aka zaɓa da ido aka ce "ai ta yi kama". Wannan roba tana da lambobi uku da kuma irin sinadarin da aka yi ta da shi. Idan ka iya karanta su, ka tsira da kuɗinka da injinka.

Masu tare mai iri huɗu ne

Na farko shi ne oyil sil, zobe ne na ƙarfe da aka lulluɓe da roba, da ɗan siririn sifirin a cikinsa. Ana sa shi duk inda ƙarfe mai juyawa ya fito daga cikin inji, kamar sandar kik, sandar giya, inda ƙaramin haƙorin sarƙa yake, da bakin karanshaf.

Na biyu shi ne zoben roba zalla, wanda 'yan kasuwa ke kira O-ring. Yana kwanciya ne a cikin ɗan kwarmi, kamar a murfin bawul, murfin zuba mai da cikin kafireta.

Na uku gasket, shimfiɗaɗɗen abu mai kama da kwali da ke shiga tsakanin fuskokin ƙarfe biyu.

Na huɗu ƙananan abokan aiki: robar da ke kan sandar bawul, da wasar tagulla ko alminiyam da ke ƙarƙashin notin juye mai.

Kada ƙanƙantarsu ta sa ka raina su. A ranar 28 ga Janairu, 1986, kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, mutum bakwai suka mutu, kuma bincike ya nuna zoben roba ne sanyi ya sandarar har ya kasa toshe mahaɗa. Mu a nan zafi ne abokin gabar. A watannin Afrilu da Mayu zafin Daura kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke goge leɓen roba kamar sanfefa. Babur da ya shekara goma a ajiye, ka ɗauka kawai duk robobinsa sun bushe.

Fara da gano inda man ke fitowa

Mai ƙasa yake gangarawa, iska kuma ta tura shi baya, saboda haka inda ka ga yana ɗiga ba lallai nan ne ƙofarsa ba. Wanke injin da kalanzir, ka bar shi ya bushe, ka barbaɗa hodar jiki a mahaɗu. Tayar da shi na 'yan mintuna, sannan ka haska da fitilar wayarka. Wuri mafi tudu da hodar ta jiƙe, nan ne ɓarakar take.

Hayaƙi ma yana ba da labari. A inji irin na Honda, wanda ba a haɗa masa mai da fetur, shuɗin hayaƙi da ke fita da zarar an tayar da safe sannan ya lafa yakan nuna robar bawul ta gaji. A inji mai shan man 2T, irin na Vespa, Suzuki AX100 da Jincheng da aka ƙera a kan samfurinta, lamarin ya fi haɗari, domin cakuɗen fetur da iska sai ya bi ta ɗakin karanshaf kafin ya hau sama. Idan sil ɗin gefen kuloci ya lalace, injin zai riƙa zuƙar man giya: hayaƙi ya yi kauri, fulogi ya riƙa jiƙewa, man giya na raguwa ba tare da ka ga ɗigo ba. Idan na gefen wuta ne, wato gefen kwayil, iska ce za ta riƙa kutsawa. Sai ka ji babur na ƙara wuta da kansa, yana zafi fiye da kima, ƙarshenta fistin ya kama.

Karanta lambobin

Kafin ka kwance komai, ɗauki hoto. Bayan ka cire kowane sashe, sake ɗauka. Hoton ne zai tuna maka fuskar da sil yake kallo da jerin wasoshi.

Goge tsohon sil ɗin, ka haska shi ta gefe, ka ɗauki hotonsa kusa-kusa sannan ka buɗa hoton. Za ka ga lambobi uku, misali 17 29 5. Dukkansu milimita ne: na farko faɗin ramin ciki, wato kaurin sandar da za ta ratsa, na biyu faɗin waje, wato ramin da zai zauna, na uku kaurinsa. Haruffan TC na nufin leɓe biyu ne, ɗaya na tare mai, ɗaya na tare ƙura. SC kuwa leɓe ɗaya ne. A ƙasa mai yashi irin tamu, mai leɓe biyu ya fi dacewa da duk wurin da ke fuskantar waje.

Ga misali daga ƙaramin injin Honda Super Cub, babur ɗin da aka fara ƙerawa a 1958, wanda adadinsa ya kai miliyan 100 a 2017. A samfuran C50 da C70, sil ɗin sandar giya 11.6 x 24 x 10 ne, na kik 13.7 x 24 x 5, na haƙorin sarƙa 17 x 29 x 5. Lura da 11.6 ɗin nan. Mai shago zai iya miƙo maka mai lamba 12 ya ce ɗaya ne. Zai shiga kam, amma leɓensa ba zai kama sandar yadda ya kamata ba.

Idan lambar ta goge, nemi ma'aunin kalifa ka auna sandar da ramin, tunda tsohuwar robar ta riga ta sauya siffa. Manhajar awo ta waya ba ta iya bambance rabin milimita, kada ka dogara da ita. Zoben roba kuma lamba biyu gare shi, faɗin ciki da kauri. Shi ma tsohon yakan baje, don haka kwarminsa za ka auna.

Hanya ta biyu ita ce lambar injin da aka buga a jikinsa. Da ita za ka tabbatar da samfurin, sannan ka nemo zanen sassansa a intanet. Shafin CMSNL, alal misali, yana da zanen tsofaffin baburan Honda, Suzuki, Yamaha da Kawasaki, kowane sashe da lambarsa. A tsarin Honda, lambar oyil sil takan fara da 912, ta zoben roba da 913, kuma sau da yawa akan rubuta girman a gefen sunan.

Ba kowace baƙar roba ce ke jure mai ba

Robar NBR ita ce gama-gari, tana jure baƙin mai da fetur da zafin da ya kai wajen digiri 100 zuwa 120. FKM, wadda aka fi sani da Viton, tana kaiwa wajen 200, shi ya sa ta fi dacewa da bawul, sai dai ta fi tsada. EPDM ta ruwa ce da man birki. Idan ta haɗu da baƙin mai ko fetur sai ta kumbura ta lalace. Saboda haka zoben da mai gyaran famfo ke sayarwa ba lallai ne ya dace da inji ba ko da girman ya zo daidai. Launi ma ba hujja ba ne, duba rubutun jikin leda.

Ko a Daura za ka saya, ko Katsina, ko Kano, tafi da tsohon sil ɗin da hotonsa. Lanƙwasa sabon zoben a gaban mai shago. Idan ka ga tsaga-tsaga ko ka ji ya yi tauri, ya daɗe a rana, ka bar masa kayansa.

Yadda ake sawa

1. Ɓanɓaro tsohon a hankali, kada bakin sukudireba ya karce ramin.
2. Shafa farce a kan sandar. Idan ka ji kwarmi inda tsohon leɓe ya ci, sabon sil ma zai zubar. Girgiza ta kuma: idan tana wasa, boris ne ya mutu, shi za a fara sauyawa.
3. Naɗe haƙoran sandar da salatif don kada su yanke leɓen, ka shafa masa ɗan mai.
4. A ƙa'ida, gefen da sifirin yake shi ke kallon mai. A wajen karanshaf na injin 2T, bi hoton da ka ɗauka.
5. Dafa shi da soket mai faɗi ɗaya da shi, ka ƙwanƙwasa sannu-sannu har ya zauna daidai, ba a karkace ba.
6. Zoben roba a shafa masa mai, kada ya murɗe a cikin kwarmi.
7. Gasket ɗin kan inji ba a maimaita shi. A kankare ragowar tsohon tas, a ɗaure notuna a gicciye, kaɗan-kaɗan.

A kiyayi yawan gam. Abin da ya tsattsafo ta waje, irinsa ya tsattsafo ta ciki, kuma ƙaramin injin Honda ta wata 'yar ƙofa yake tura mai zuwa kansa. Guntun gam ɗaya ya isa ya toshe ta, kan inji ya bushe ya ci kansa. Duba kuma bututun numfashin inji. Idan laka ta toshe shi, iskar da ta taru a ciki za ta turo mai ta kowane sil, sabo ko tsoho.

Sil ɗin kik, na giya da na haƙorin sarƙa za ka iya sauya su a ƙofar gida. Wanda ke buƙatar a raba inji biyu, kamar na gefen kuloci a Vespa, kai wa bakanike da ya san tsofaffin babura, amma ka je da lambobinka a waya. Bayan an gama, shimfiɗa kwali a ƙarƙashin babur ɗin ya kwana. Idan da safe ka tarar da shi a bushe, aiki ya yi kyau.

Sai mun haɗu a darasi na gaba, in Allah Ya yarda.