Tambaya da Amsa: Shafin Shiga Yana Ƙiftawa Ya Dawo Wayam

Tambaya: Ɗalibi ne ni, ina koyon gina shafin intanet. Na haɗa fom na shiga, na rubuta JavaScript da zai aika suna da kalmar sirri ta hanyar fetch. Amma da na danna "Shiga" sai shafin ya ƙifta ya dawo wayam, kalmar sirrin kuma ta fito a layin adireshi bayan alamar tambaya. Ina matsalar take?

Amsa: Abin da ka ambata a ƙarshe ya fi damuna, don haka da shi zan fara. Fom ɗin da ba a rubuta masa method="post" ba, da GET burauza take aika shi, GET kuwa a jikin adireshi yake rataya duk abin da aka cike. Kalmar sirrin za ta zauna a tarihin burauza, ta kuma shiga kundin sabar. Gyara wannan yau, tun kafin ka taɓa komai.

Wannan alamar kuma ita ta tona asirin matsalar. Tunda shafin ya sake lodi, burauzar ce ta aika fom ɗin da kanta, kod ɗinka bai tare ta ba. Ko dai ba ka kira event.preventDefault() ba, ko kuwa kod ɗin ya mutu kafin ya kai wurin.

Kada ka yi ta canje-canje da ka. Danna F12, buɗe Console, ka kunna Preserve log, domin sake lodin yana share jan rubutun kuskure kafin ido ya kai gare shi. Shi ya sa masu koyo da yawa suke rantsuwa cewa babu kuskure. Idan ka ga ƙorafi a kan null, to mai yiwuwa a head ka ajiye kod ɗin, ya tashi neman fom tun burauza ba ta gina shi ba. In a fayil daban yake, ƙara masa defer, ko ka mayar da shi ƙarshen body.

Sannan ka ɗaura aikin a kan submit na fom ɗin kansa, ba click na maɓalli ba, ka sa preventDefault a layin farko, ta yadda ko wani abu ya fashe a ƙasa fom ɗin ba zai suɓuce ba. Wani tarko da ke cin yinin mutum: kada ka raɗa wa maɓalli name="submit", domin sunan yana danne form.submit() na asali.

In shafin ya daina ƙiftawa amma ba ka shiga ba, koma Network ka duba amsar sabar. 401 na nufin ba ta yarda da shaidarka ba. Leƙa abin da aka aika, sau da yawa wani akwati ne ba shi da name, FormData kuwa tsallake irinsa yake yi. In 200 ce amma shafi na gaba ya sake korar ka, kukis ne ba su zauna ba. Idan sabar tana wani adireshi daban, fetch yana buƙatar credentials: "include", ita ma sabar sai ta amince ta CORS.

Ina roƙonka abu guda: kada ka gwada kalmar sirri a cikin JavaScript na burauza. Duk mai F12 yana karanta shi. Sabar ce kaɗai za ta tantance, kuma ta HTTPS.