Daga Miga Zuwa Uhudu da Kogon Hira: Shirin Ziyara Ga Maniyyaci

Ƙasar Miga shimfiɗaɗɗiya ce. Daga fadamar kogin Haɗeja har zuwa hanyar Jahun, mutum zai yini yana tafiya bai hau abin da ya wuce jigawa ko gaɓar kogi ba. To ga shi duk shekara akwai maza da mata daga wannan yanki da ke hawa jirgi zuwa Saudiyya, yawancinsu dattawa da suka daɗe suna tara kuɗin kujera, kuma kowa a ransa akwai burin ya ga Uhudu, ya yi salla a Ƙuba, in da hali ya leƙa Kogon Hira. Malaman bita na Hukumar Jin Daɗin Alhazai sukan fi ba da ƙarfi ga harami da ɗawafi da jifa, kuma daidai ne. Ziyarar wuraren tarihi kuwa sau da yawa sai an isa ake koyonta, a tsakiyar cunkoso.

Abu na farko da ya kamata ya zauna a zuciyar maniyyaci shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan wurare da ke cikin rukunan Hajji ko wajibansa. Wanda bai hau dutse ba, Hajjinsa bai ragu da komai ba. Wanda kuwa ya karya ƙarfinsa a kan dutse ana saura kwana biyu a fita Mina, shi ne ya yi asara. A Hajjin 2024, wanda mutum wajen miliyan 1.8 suka halarta, zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma sama da mutum 1,300 suka rasu. Mutumin Miga ya san zafin bazara, amma na can dabam ne: kwalta da dutse da marmara duk mayar da shi suke yi, ga ba inuwar tsamiya ko darbejiya da za a raɓa.

Ziyarar Madina ta fi sauƙi, domin wuraren kusa suke da juna. A da alhazan Nijeriya kan yi kwana takwas a can don cika salla arba'in, yanzu an rage kwanakin, saboda haka ba a jira sai jibi. Yawanci bas ce ke kwasar ayari da safe, ta zagaya Uhudu, Masallacin Ƙiblataini, wurin yaƙin Handaƙ, sannan Ƙuba. A kowane zango ɗan lokaci ake bayarwa, direba na danna ham tun mutane ba su gama addu'a ba. Motocin kuma kamarsu ɗaya, ga su birjik a fili guda. Kafin a sauka a riƙe lambar motar, ko a ɗauki hotonta a waya, a kuma lura da inda ta tsaya. Hajiyar da ba ta karatu ta kama hannun 'yar ɗakinsu, kada ta dogara da launin hijabi, don ayarin wata jiha ma na iya sa irinsa.

Uhudu ne wurin da ya fi cancantar a yi masa shiri. Yana arewa da Masallacin Annabi (SAW), tazarar kilomita biyar ko kusa da haka, kuma a nan aka gwabza a watan Shawwal, shekara ta 3 bayan Hijira. Mafi yawan maziyarta kan tsaya a bakin shingen maƙabartar shahidai saba'in, inda Sayyidina Hamza da Mus'ab bin Umair suke, su yi sallama, su juya wajen masu sayar da dabino. Amma daura da maƙabartar akwai ɗan ƙaramin tudu, Dutsen Maharba, wanda ko dattijo mai sanda zai hau a 'yan mintoci. A kansa aka ajiye maharba hamsin ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair, da umarnin kada su gusa. Daga samansa ana ganin babban dutsen da ya kare bayan rundunar Musulmi, ana kuma ganin gefen da Halidu bin Walid ya zagayo da dawakai da mafi yawan maharban suka sauka. Wanda ya nemi malamin ayarinsu ya maimaita masa ƙissar tun a masauki, da idonsa zai karanta filin. Wanda bai yi ba, tudun ƙasa kawai zai gani da masu ɗaukar hoto.

Ƙuba, masallacin farko a Musulunci, ya fi daɗi idan an koma shi kaɗai ba da bas ba. Akwai titin masu tafiya da ƙafa, wajen kilomita uku, da ya haɗa shi da Masallacin Annabi. A yi alwala tun daga masauki kamar yadda hadisi ya kwaɗaitar, a fita bayan asuba. Ranar Asabar ta fi cika, domin ita ce ranar da Manzon Allah (SAW) ya saba zuwa.

Shiga Rauda, a cikin Masallacin Annabi, sai da izini ta manhajar Nusuk, kuma lokacin maza dabam, na mata dabam. Maƙabartar Baƙi'a kan buɗe bayan asuba da bayan la'asar, maza kaɗai ke shiga. Tun shekarun 1920 aka rushe ƙubbobin da ke cikinta, don haka kada a sa ran ganin suna a kan kabari.

Makka ce mai duwatsu. Jabalun Nur, inda Kogon Hira yake, tsayinsa ya haura mita 600, kuma hawansa matakala ce bayan matakala, ta awa ɗaya zuwa biyu gwargwadon ƙarfin mutum. Kogon da wahayi ya fara sauka a cikinsa a shekarar 610 ɗan ƙarami ne, mutum kaɗan yake ɗauka, ana kutsawa ta tsakanin duwatsu kafin a kai gare shi, ga layi. Dutsen Sauru, inda Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar suka ɓuya kwana uku a farkon Hijira a 622, ya fi shi tsayi da wahala. Mai ƙarfi da ya ƙudura sai ya hau, ya bari sai bayan an sauko daga Arfa an kammala aiki, ya kuma bi tsarin manomin fadama: a fara da duku-duku, a tashi kafin rana ta take. Silifas ɗin harami ba na hawan dutse ba ne, a nemi takalmi mai kama ƙasa. A riƙi ruwa a jakar goyo, hannu biyu su zama a sake, a kuma yi hattara da birai, don sukan fizge leda. Saukowa ta fi cin gwiwa. Mai hawan jini, mai ciwon suga da mai ciwon gaɓɓai su haƙura, akwai cibiyar baje kolin tarihin wahayi a gindin Jabalun Nur, da sanyi da wurin zama.

Kuɗin tasi a yanka shi kafin a shiga, a kuma tabbatar na mutum ɗaya ne ko na mota duka, zuwa ne kawai ko har da dawowa. A Makka ba a rasa mai jin Hausa, jikokin waɗanda suka tafi a ƙasa ta Sudan tun zamanin kakanni, kuma da yawansu na taimakon baƙo tsakani da Allah. Duk da haka jin Hausa a bakin mutum ba dalili ba ne na miƙa masa jakar guzuri ya canzo.

Jami'an wuraren kan hana shafar shinge, da ɗibar ƙasa ko tsakuwa a matsayin tsaraba, da rubuta suna a jikin dutse. Gardama da askar, wato jami'in tsaro, ba ta da riba, ɗaukarsa hoto kuma na iya jawo ƙwace waya. Duk inda za a je, katin Nusuk ya kasance a wuya, katin otal a aljihu, a kuma gaya wa shugaban ayari inda aka nufa da lokacin dawowa. Lambar motar asibiti a Saudiyya ita ce 997, a rubuta ta a takarda tun daga gida.