Sayen Kayan Karatu na Intanet a Dunƙule a Laburaren Makaranta

1.0 Gabatarwa

A da, bunƙasa laburare na nufin sayen littattafai ɗaya bayan ɗaya a jera su a kanta. A yau kuwa, kamfanonin ɗab'i kan haɗa littattafai da mujallu da ƙamusoshi na intanet wuri guda, su ba makaranta damar karanta su bisa kuɗin da za ta riƙa biya duk shekara. Wannan shi ne saye a dunƙule, tamkar mai sayen damin hatsi ba tare da ya kwance shi ba.

1.1 Alfanu da Illa

Alfanun tsarin shi ne samun kayan karatu masu ɗimbin yawa a kan kuɗin da bai kai na sayensu ɗaiɗai ba, kuma ɗalibai da yawa za su iya buɗe littafi guda a lokaci ɗaya. Sai dai haya ce, ba mallaka ba, kuma kayan aro ba ya rufe katara. A shekarar 2019 Jami'ar Kalifoniya ta Amurka ta dakatar da yarjejeniyarta da kamfanin Elsevier saboda saɓani kan farashi da sharuɗɗa. Malamanta suka rasa damar buɗe sababbin maƙalun kamfanin kai tsaye, har sai da aka daidaita a 2021. A Nijeriya kuwa, galibi da dala ake biya, don haka faɗuwar darajar naira a 2023 ta ƙara wa makarantu nauyi.

1.2 Matakan Tantancewa

Kafin a biya, ya kamata malami mai kula da laburare ya duba:
(a) dacewar kayan da manhajar karatu da shekarun ɗalibai;
(b) samuwar lantarki da intanet da kwamfutoci;
(c) abin da zai rage wa makaranta in an daina biya;
(d) kuɗin kowane amfani. A ƙaddara an biya naira 600,000, aka buɗe kayan sau 300 kacal a shekara. Kowace buɗewa ta ci naira 2,000 ke nan.

1.3 Kammalawa

Akasarin abin da ke cikin irin wannan dami da Ingilishi yake. Saboda haka wajibi ne a ware kaso na kasafi don sayen littattafan Hausa na takarda, irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam, waɗanda za su zauna a makaranta ko kuɗin haya ya yanke.

Auna Fahimta

1. Bambanta haya da mallaka a fagen bunƙasa laburare.
2. Kawo matakai uku na tantance dami kafin a biya.